Funke Akindele, wato Jenifa: tambayoyin da ake yawan yi min a shago da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai sana'ata kitso da lalle da gyaran amare, shagona yana nan Jekadafari cikin garin Gombe. Duk wadda ta taɓa zama na yi mata kai ta san akwai wata 'yar talbijin a saman kantar da nake jera mayuka, in an kawo wuta ko mun tada inji to abu biyu ne ke kai, ko Arewa24 ko Jenifa, wasan barkwancin nan na jarumar finafinan Kudu Funke Akindele. Tun ina amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya da baki hannuna na cikin gashi, har na lura tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa, yau wata Hajiya ta yi gobe yarinyar da nake koya wa aiki ta maimaita, shi ne nace bari in zauna in haɗa su wuri guda. Ba zan ɓoye muku ba ina ganin girman matar nan sosai, kuma ba don dariyar da take ba mu kaɗai ba, yadda ta riƙe sana'arta shi ne abin da ya fi ɗaukar min hankali.

Wai Jenifa sunanta ne na gaskiya?

A'a. Sunanta Olufunke Ayotunde Akindele, ana ce mata Funke. Bayarbiya ce 'yar Ikorodu a jihar Legas, an haife ta ranar 24 ga Agusta 1977. Jenifa suna ne da ta fito da shi a wasa sai ya bi ta ya danne na yanka, kamar dai yadda yara da yawa ba su san marigayi Ibro sunansa Rabilu Musa ba, ko Samanja da sunansa Usman Baba Pategi.

Da gaske ba ta iya Turanci ba ne ko da gangan take karya shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, wallahi kusan kullum sai an yi min ita. Da gangan ne. Matar nan gidan boko ta fito, mahaifiyarta likita ce mahaifinta kuma ya yi shugaban makarantar sakandare. Ta yi difloma a aikin jarida a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Ogun da ke Abeokuta, wadda yanzu ake kira Moshood Abiola, daga baya ta yi digirin lauya a Jami'ar Legas. In kika ji ta tana hira da 'yan jarida ba cikin wasa ba za ki rantse ba ita ce Jenifa ba. Kuma karya harshe da gangan a kuma riƙe shi iri ɗaya shekara da shekaru ba tare da an manta an gyara ba aiki ne babba, sai wanda ya san ƙa'idar abu yake iya karya ta daidai inda za ta ba da dariya.

Amma bari in faɗi wani abu da ke raina a nan. Mu Hausawa mun san zafin a yi wa mutum dariyar Turancinsa, duk wadda ta taɓa zuwa Kudu ko ta zauna a aji da waɗanda ba Hausawa ba ta san yadda ake kwaikwayon bakinmu. Da farko abin ya ɗan dame ni, nace to ai yarinyar ƙauye ake wa dariya kenan. Sai da na daɗe ina kallo na gane a cikin wasan Jenifa ba ta taɓa jin kunyar bakinta ba, tana shiga ko'ina ta yi magana da kowa, masu Turancin mai kyau ɗin ma sau da yawa su ne marasa gaskiyar a labarin. Akwai yarinya a wajena da ko gaisuwa ba ta iya yi wa kwastoma in ba Bahaushiya ba ce don tsoron kar ta yi kuskure, yanzu ita ke karɓar matan barikin da ke zuwa mana, kuma ni na san kallon nan ya taimaka mata.

Yaushe ta fara wasa?

Wani shirin talbijin mai suna I Need to Know ne ya fara fito da ita, an yi shi daga 1998 zuwa 2002, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya ɗauki nauyinsa don wayar da kan matasa akan lafiyarsu da cutar ƙanjamau da irin abubuwan da iyaye ke jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu. Ta fito a matsayin Bisi, 'yar sakandare mai yawan tambaya. Lokacin da ta fara shekarunta 21. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne bayan an gama shirin nan ba wai ƙofa ta buɗe mata ba ne, ta sha yawon neman a saka ta a finafinan Turanci ba ta samu yadda take so ba, sai ta koma finafinan Yarbanci tana yi a hankali. Daga fara I Need to Know zuwa fitowar Jenifa shekara goma cif. Ina yawan faɗa wa yarana na shago wannan lissafin saboda su wata shida in suka yi suna koyo sai su fara tambayar yaushe za a yaye su.

To ita Jenifar daga ina ta samo asali?

Daga fim ɗin Yarbanci ne mai suna Jenifa da ya fito a 2008. Labarin wata yarinya ce Suliyat daga ƙauyen Ayetoro da ta zo karatu Legas, ta ga 'yan matan birni ta raina kanta, ta canza suna ta koma Jenifa ta shiga ƙawayen banza, kuma ƙarshen bai mata kyau ba. Wato asalinsa fim ne na jan kunne duk da dariyar da ke ciki. Shi ya ba ta kyautar gwarzuwar jaruma a bikin karrama finafinan Afirka na AMAA a 2009. A 2011 ta yi ci gabansa, sannan a 2015 ta mayar da shi shiri mai dogon zango na talbijin, shi ne Jenifa's Diary da muke kallo.

Mene ne bambancin shirin da fim ɗin?

Fim ana yin sa a gama, ki kalla sau ɗaya ki tashi. Shi kuwa wannan irin wasan barkwancin na talbijin mutane iri ɗaya ne a wurare iri ɗaya, kowane sati wata 'yar rigima ta taso a warware ta ko a ɗaga zuwa sati mai zuwa, har ki saba da su kamar maƙwabtanki, kamar dai yadda muka saba da mutanen Daɗin Kowa. A shirin an sauya labarin, Jenifa ba ta gama sakandare ba, ta baro ƙauye ta zo Legas tana son ta zama wani abu, ta yi ta fama da jarrabawa, kuma sana'ar da ta riƙe ta ita ce gyaran gashi. To kin ga inda ya kama ni kenan. Ranar da na fara ganinta tsaye a kan kwastoma da mataji a hannu uwar ɗakinta na mata faɗa sai na ji kamar shagonmu aka ɗauka aka sa a talbijin, da kishin da ke tsakanin ma'aikata da kwastomar da za ta zo ta zaɓi kitso mai wuya ta kuma ce kuɗin ya yi yawa, duk akwai. Ba kasafai ake nuna mai kitso a matsayin jarumar labari ba, yawanci mu ne ake nunawa a gefe muna gulma. Shirin kuma ya fito da matasa da yawa, mawaƙin nan Falz ya fito a ciki a matsayin Segun, ga Juliana Olayode da ta fito a Toyosi da Lota Chukwu da ta fito a Kiki.

Kina ta cewa 'yar kasuwa ce, ina kasuwancin yake? Shago gare ta?

Nan ne gundarin maganar, don Allah ku karanta a hankali. Jaruma in an kira ta aiki ana biyanta kuɗin aikinta ne sau ɗaya, ko fim ɗin ya kawo miliyan ɗari ko ya faɗi ita dai ta karɓi nata ta tafi. Daidai yake da yarinyar da ke kitso a shagon wata, a ba ta kasonta na ranar, amma sunan shagon da kwastomomin da kayan aikin duk na mai shago ne. Abin da Funke ta yi shi ne ta ƙi tsayawa a matsayin wadda ake kira aiki. Ta kafa kamfaninta na shirya finafinai mai suna SceneOne, ita ce furodusa, tana sa hannu a rubuta labarin, daga baya ta zama darakta ma, fim ɗin farko da ta ba da umarni shi ne Your Excellency a 2019. Saboda haka Jenifa ba rawa ba ce kawai da aka ba ta ta taka, haja ce tata. In tashar talbijin na son nuna shirin da ita za a yi ciniki, in kamfani na son a nuna kayansa a ciki ita za a biya, in an ɗora a YouTube kuɗin tallan da ke shigowa wajen kamfaninta yake zuwa, kuma zangon da aka ɗauka tun 2015 har yau ana kallonsa, ma'ana aikin da aka gama tuntuni bai daina kawo kuɗi ba.

Daga nan ta juya wajen silima. A Disambar 2020 ta fitar da Omo Ghetto: The Saga inda ta fito a matsayin tagwaye, ya tara sama da naira miliyan 600 ya zama fim ɗin Najeriya da ya fi kowanne kawo kuɗi a silima a lokacin. A Disambar 2022 ta fitar da Battle on Buka Street, labarin 'yan uba biyu masu sayar da abinci a layi ɗaya da suka gaji kishin iyayensu mata, ita da Mercy Johnson, shi ma ya wuce na farkon. Sai A Tribe Called Judah a Disambar 2023, wanda a Janairun 2024 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima. A Disambar 2024 ta dawo da Jenifar kanta a Everybody Loves Jenifa shi ma ya haura biliyan. Ku lura duk a Disamba take fitarwa, ba dace ba ne, lokacin ne mutanen Kudu ke hutun Kirsimeti da kuɗi a hannu ana fita da iyali, kamar yadda ni na san satin Sallah da watan bukukuwa ba a rufe shago da wuri.

Yanzu biliyan ɗin nan duk aljihunta ya shiga?

Ina! Wannan adadin kuɗin tikitin da aka sayar ne gaba ɗaya. Masu gidajen silima za su ɗauki kaso mai tsoka, gwamnati ta cire haraji, kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya cire ladansa, abin da ke isowa hannun furodusa bai kai rabi ba, a ciki kuma za ta mayar da kuɗin da aka kashe wajen ɗauka da biyan 'yan wasa da talla, in akwai waɗanda suka zuba jari a ba su nasu. Ciniki daban riba daban, duk mai sana'a ta san wannan. Kuma kuɗin ba daga sama yake faɗowa ba, in fim ɗinta zai fito makonni take yi tana bidiyon rawa da barkwanci da 'yan wasanta a Instagram, bayan ya fito kuma ta bi gidajen silima da ƙafarta tana gaisawa da masu kallo. Mace mai sunanta ba ta ce ta wuce tallar hajarta ba.

Akwai namu na Arewa a finafinanta?

Akwai. A cikin A Tribe Called Judah ta fito a matsayin uwa mai 'ya'ya maza biyar, kowanne ubansa daban ƙabilarsa daban, ɗaya daga cikinsu Adamu ne, kuma Uzee Usman da muka saba gani a finafinan Hausa shi ya fito a Adamun. Na ji daɗin yadda aka nuna shi mai hankali da tausayin uwa. A ganina ko wannan ma akwai lissafin kasuwa a ciki, kowane ɓangaren ƙasar nan ya ga ɗansa a fim ɗin sai ya ji nasa ne.

An ce an taɓa kama ta, gaskiya ne?

Gaskiya ne. A Afrilun 2020 lokacin dokar kulle ta korona ta shirya wa mijinta na lokacin liyafar zagayowar ranar haihuwa a gidansu a Legas, bidiyon ya fita, aka kai su kotu suka amsa laifi, aka ci su tarar naira 100,000 kowanne da aikin yi wa al'umma hidima na kwana 14. Abin ya yi wa mutane ciwo ne saboda tana cikin waɗanda suka fito a tallan faɗakarwa akan cutar. Ba zan kare ta ba, ta yi kuskure, mu nan muna zaune shaguna a rufe ba ko sisi. Amma ta fito ta ba da haƙuri ta yi hukuncin, kuma a ƙarshen wannan shekarar ta 2020 ce ta fitar da fim ɗin da ya kafa tarihi.

Siyasa fa?

Ta taɓa. A 2022 ɗan takarar gwamnan Legas na PDP, Abdul-Azeez Olajide Adediran da ake kira Jandor, ya ɗauke ta mataimakiya. A zaɓen Maris 2023 gwamna mai ci Sanwo-Olu na APC ya ci, su suka zo na uku. Ta koma bakin aikinta.

Tana da aure da 'ya'ya?

Tana da tagwaye maza da ta haifa a Disambar 2018. Ta yi aure sau biyu, na biyun da mawaƙi Abdulrasheed Bello da ake kira JJC Skillz a 2016, suka rabu a 2022. Iya nan nake tsayawa ko a shago, in aka fara tona dalili sai in ce a canza hira, don duk cikinmu babu wadda za ta so a zauna ana warware sirrin aurenta a gaban mutane.

Me ya sa jaruman Kannywood mata ba sa samun irin wannan kuɗin?

Wata Goggo ce ta yi min wannan tambayar tana jiran lallenta ya bushe, kuma ba rashin iyawa ba ne ko kaɗan, muna da mata masu basira da ke shirya finafinansu da kansu. Kasuwar ce daban. Kuɗin Funke na silima daga Legas da Abuja da Fatakwal da irinsu yake fitowa inda mutum zai biya dubbai ya zauna ya kalli fim. Mu a nan ba mu da wannan al'adar, gidajen kallonmu na ƙwallo ne kuma na maza ne, matar aure a Pantami ko Bolari ba za ta ce wa maigida za ta silima ba. Da can 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke sayen fim su buga kaset da faifai, satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan hanyar. Shi ya sa yanzu aka koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24 irin su Labarina da Izzar So, kuma a nan ɗin ma wanda ya mallaki tashar da shirin shi ke cin moriyar, 'yar wasa kuɗin fitowarta kawai take karɓa. Ga kuma maganar aure, da yawa daga cikin namu in sun yi aure suna barin fitowa a fim, wadda ba ta da komai nata a bayan kyamara to ranar ta rabu da sana'ar gaba ɗaya. Wadda kuwa take da kamfaninta ko tasharta tana ɗakinta aikin na tafiya.

Adda, ni ma ina son shiga fim, me za ki ce min?

Ƙanwata, farko da yardar iyayenki, in babu ita ki ajiye maganar, ba na ba wa kowace yarinya shawarar ta hau mota ta tafi Kano ko Kaduna a ɓoye. Na biyu kar ki bar karatunki ko sana'ar hannunki, ita wadda kike sha'awar digirin lauya gare ta, shi ya sa in aka miƙo mata takardar yarjejeniya ta san abin da take sa wa hannu. Na uku duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ko ki same shi a masauki ke kaɗai kafin ya saka ki a fim, ki gudu. Sannan ki sani fim ba fitowa a gaban kyamara kaɗai ba ne, akwai rubuta labari, akwai kwalliya da gyaran gashi da ɗinkin kayan 'yan wasa, akwai tace hoto a kwamfuta, kuma wanda kike koya a hannuna yanzu yana cikinsu. In kuma gajerun bidiyo kike yi a waya ke da ƙawayenki, to ki buɗe shafin da sunanki da lambarki, kar ki bari wani saurayi ko wani yaya na unguwa ya buɗe miki ya riƙe lambar sirrin, na ga yarinyar da ta tara mabiya masu yawa a haka rana ɗaya aka canza lambar aka bar ta da kuka.

Yara za su iya kalla, kuma a ina zan samu?

Shirin Jenifa's Diary yawancinsa ba laifi, amma akwai shigar da ba tamu ba da hirar samari da 'yan mata, ni in akwai ƙananan yara a shago ina riƙe da rimot a kusa. Finafinan silimar kuwa musamman Omo Ghetto akwai faɗa da zagi da shaye-shaye, ba na yara ba ne. Shirin yana nan a YouTube a tasharta, in datarki ba yawa ki rage ƙarfin hoton zai tafi lafiya. Don Allah in da hali ku kalla a tashar tata maimakon kai waya a tura muku, haka ma na Hausa ku kalla a tashoshin masu shi. Wadda kuma ba ta da data ta zo shago ranar Talata ko Laraba da hantsi, lokacin ba cunkoso, daga zangon farko muke sake bi yanzu saboda sababbin yara biyu da na ɗauka ba su taɓa gani ba.